Gayyar Arzika Mai Injin Girgiza

A Kusada in ka ce kana neman Arzika, sai an tambaye ka wanne. In ka ce Arzika Girgiza kuwa, mai tallan goro ma za ta nuna maka shagonsa, can kusa da inda 'yan acaɓa ke tsayawa, inda ake cajin waya ana sayar da lemo mai sanyi. Mutum ne mai fara'a da tumbi, ba ya zagi, ba ya faɗa, in ka zauna wurinsa sai ka yi dariya. Aibinsa ɗaya ne tak: tun da uwarsa ta haife shi bai taɓa yarda gumi ya fito daga jikinsa da saninsa ba.

Da ɗan wani ne, da ba wanda zai damu. To amma ɗan Kabo ne, kuma shi kaɗai ne namiji a gidan. Kabo kuwa, a ƙauyensu da ke yankin Dudunni, manomi ne da makaɗan noma suka yi wa take nasa na kansa. A zamaninsa, in aka kira gayya aka jera a bakin gona, shi ke ɗaukar kunyar farko, kuma kafin na kusa da shi ya kai tsakiya shi ya juyo. Babu gidan da ke ƙauyen da hauyar Kabo ba ta taɓa shiga gonarsu ba. Mutane suna ganin irin wannan ƙarfin gadonsa ake yi, don haka da aka haifi Arzika har barka biyu aka yi wa uban.

Yaro ya taso da wani irin ciwon ciki mai hankali, wanda ba ya tashi sai ranar zuwa gona, kuma yana lafawa da zarar an dama fura. Makarantar allo ba ta dame shi da rani ba, amma da ruwa ya sauka sai son karatu ya kama shi, ka gan shi rungume da allo tun safe kamar zai sauke a ranar. Kabo ya yi faɗa, ya yi bulala, ya yi lallashi, daga baya ya yi shiru. Wannan shirun ya fi bulalar zafi, kuma Arzika ya sani, don ba wawa ba ne.

Da ya zama saurayi ya shiga acaɓa tsakanin Kusada da Kankiya, saboda ya lura sana'a ce da ake yi a zaune. Ya bar ta ranar da tayarsa ta yi faci a hanyar Rimaye, ya gano ashe wani lokaci mutum ne ke tura babur. Daga nan ya buɗe shagon caji, ya auri Murja, mace mai haƙuri da baki, ya sayi kujerar roba mai hannu, ya zauna. Tumbi ya zo da kansa, ba tare da an aika masa goro ba.

Haka rayuwa ta tafi har idanun Kabo suka yi yana, ya daina ganin komai sai haske da duhu. Babbar gonarsa ta gindin marke ta dawo hannun Arzika. A daminar farko ya ɗauki 'yan ƙwadago, ya riƙa duba aikinsu ta waya daga kan kujerarsa. Su kuma suka nome bakin hanya fes, inda ido ke gani, suka bar ciki ciyawa ta yi sarauta. Abin da aka girbe a shekarar, Kabo ya shafa da hannunsa a rumbu, ya laluba ya koma zaure.

Kafin damina ta zagayo, Baffa Dawuda, ƙanen Kabo, ya kira Arzika zaure, Kabo yana zaune a gefe.

"Arzika, gonar ga ba ta jiran kowa," in ji Baffa Dawuda. "Bara haki ya cinye rabinta muna kallo. In bana ba ka iya riƙe ta, Abdulrauf shi shiga, shi noma, shi ciyar da tsohon. Ba gado muke rabo ba, gero muke son ceto."

Abdulrauf ɗan Baffa Dawuda ne, ƙanen Arzika a shekaru, siriri kamar sanda, wanda ba a taɓa jin ya ce ya gaji ba. Arzika ya dubi mahaifinsa yana jiran ya ce a'a. Kabo ya ci gaba da jan carbinsa. Nan abin ya soki Arzika har cikin rai. Ba gonar yake so ba, Allah ya sani. Abin da yake so shi ne, sau ɗaya kafin tsohon nan ya bar duniya, ya ji ya ce ɗansa ya yi. Ya ga in gonar ta koma hannun Abdulrauf, wannan maganar ba zai taɓa jin ta ba.

"Baffa, bana ni da kaina zan shiga," ya ce. "Zan kira gayya, ni zan ɗauki kunyar hwarko, a kaɗa taken Baba shina zaune shina ji."

Baffa Dawuda ya dubi tumbin, ya dubi mai tumbin, ya ce Allah ya sa.

Ya kamata a ce washegari Arzika ya nemi hauya ya fara saba wa bayansa da duƙawa. Abin da ya yi shi ne ya shiga waya yana neman yadda ake yin ƙarfi. A nan Allah ya haɗa shi da masoyiyarsa: wani faifan ƙarfe mai faɗin tabarmar salla, wanda mutum zai hau ya tsaya, shi kuma ya riƙa girgiza shi daga tafin ƙafa har ƙeya. Waɗanda ke kai a bidiyon duk jikinsu a murɗe, suna murmushi, kuma wata murya tana cewa minti goma a kai ya fi dogon gudu. Arzika ya maimaita bidiyon har cajin wayarsa ya ƙare, a shagon caji. Duk tsawon rayuwarsa yana zargin akwai hanyar da ake samun ƙarfi ba wahala, mutane ne ke ɓoyewa, yau ga ta ya gani da idonsa.

Wani direban Kankiya ya kawo masa na gwanjo daga Kano. Mai sayarwar ya kira shi ya yi masa bayani: a riƙa tsugunawa ana tashi a kai, a riƙa tsayawa da ƙafa ɗaya, a haɗa da tafiya, a rage ci, don injin taimako yake yi, ba shi ke yin aikin ba. Arzika ya yi ta cewa to, to, to. A cikin bayanin duka abin da ya shiga kunnensa shi ne inda ake kunnawa.

Ranar da aka tayar da janareta ya hau, 'yan acaɓa suka bar fasinja suka taru. Kumatunsa suka kama rawa, tumbi ya kama tasa daban, hula ta zame ta faɗi. Wani ya yi masa sallama, amsar ta fito gutsi-gutsi kamar rediyon da batirinsa ya yi sanyi. Da ya sauko sai ya ji cinyoyinsa sun yi tsami, ya dafa bango yana haki don murna. Gaskiya ne cinyoyin sun yi tsami, kuma bayan 'yan makonni ya ji ƙafafunsa sun ɗan ƙara ƙwari. Wannan ɗan abin shi ya ƙarasa shi, don daga nan ba mai iya gaya masa komai.

Kullum safe da yamma yana kai. Da ya saba, sai ya ga tsayuwa haka kawai ɓata lokaci ce, ya fara hawa da tsire a hannu. Fura ce kawai ta gagare shi, don tana fantsama. Injin bai zauna banza ba ko da ba ya kai. Murja ta gano in ta ɗora kwano da rariya, ta dafe, garin tuwo yana tankaɗe kansa. Wata mai nono ta roƙa a ɗora mata gorarta ko mai zai fito. Wani dattijo ya tsaya ya kalli Arzika yana kaɗawa ya tambaya, tsakani da Allah, ko wannan ba rawa ba ce, kuma in rawa ce ina kiɗan.

"Baban Humaira," in ji Murja wata rana, don da sunan 'yarsu take kiransa, "ni dai na ga garina shina raguwa a rariya, amma ban ga naka tumbin ya ragu ba."

"Ke ba ki san kimiyya ba," ya ce. "Daga ciki yake hwarawa."

Ruwa ya sauka, aka yi shuka, gero ya tsiro, ciyawa ta biyo shi. Lokacin gayya ya yi. Gayya a ƙauyensu ba bikin ci da sha ba ne, ko da yake ana ci ana sha. Yau a taru a nome gonarka, gobe kai ma ka ɗauki hauyarka ka je ta wani. Ba wanda ke rubutawa, amma ba wanda ke mantawa, kuma abin da ka kai gonar mutum shi zai kawo taka.

Bubayero, sarkin samarin ƙauyen, shi ke yawo da goron gayyata. Ya zo shagon Arzika ya ajiye masa nasa, ya ce jibi ana gonar wane.

"Kai, Sarki, ka ga shago ba mai tsarewa," in ji Arzika. "Amma ka gaya ma samari duk wanda ya zo kasuwa shi biyo shi hau injin ga kyauta. Wallahi ya hi noma gina jiki. Ku ɗauka gudummawata ke nan."

Bubayero ya dube shi ya ce, "Gudummawarka ke nan?"

"Ita ke nan. Ai ƙarfi nake ba ku."

Samari suka zo kuwa, suka hau, suka yi ta ƙyalƙyala dariya, suna ɗaukar juna a waya. Arzika yana zaune yana jin daɗi, yana lissafa kowane mai hawa a matsayin kunyar da ya nome. Goron gayya ya sake zuwa, ya sake zuwa, amsar ba ta canja ba. Shi a ransa ya fi kowa zuwa gayya a wannan damina, tunda ba gonar da bai aika wa ƙarfi ba. Bai yi haka don wayo ba, abin da ya fi ban haushi ke nan. Da gaske ya yarda.

Da layi ya zo kan gonar gindin marke, ciyawa ta kai gwiwa, geron ya fara yin rawaya a ƙarƙashinta. Arzika ya aika da goro, ya sa aka yanka akuya. Murja da matan gidan suka tuƙa tuwo, suka dama fura a manyan ƙore, aka kira makaɗi da gangarsa. Da hantsi Arzika ya je ya fito da mahaifinsa, tsohon ya sa babbar rigarsa ta zuwa Juma'a, ya dafa kafaɗar ɗansa har gindin marke. A hanya Kabo ya ce, "Ka yi yanka, na ji ƙamshi." Arzika ya ji daɗin wannan kalma kamar an ba shi kujerar Makka.

Mutane suka zo, kuma sun zo da yawa, kowa da hauyarsa a kafaɗa. Suka gaida Kabo da Baffa Dawuda, suka jera a bakin gona. Makaɗi ya saki taken Kabo, tsohon ya gyara zama, fuskarsa ta washe. Arzika ya tuɓe riga ya tsaya a kunyar farko.

Sai Bubayero ya ɗaga hannu ya ce, "A aje hauya!"

Aka ajiye.

"A kunna!"

Samarin nan gaba ɗaya suka ɗan ware ƙafafu, suka miƙa hannuwa, suka kama karkarwa. Kumatu na rawa, kafaɗu na rawa, wani har da turo ciki gaba don ya yi kama da mai injin. Wani ya zaro ƙuli-ƙuli daga aljihu yana ci yana kaɗawa. Ba wanda ya yi dariya a cikinsu, abin da ya sa matan da ke bakin tukwane suka kasa riƙe tasu ke nan. Suka daɗe a haka, ciyawa na tsaye tana kallonsu.

"A kashe!" in ji Bubayero.

Suka tsaya cak, suka share goshin da ba gumi, suna yi wa juna sannu da aiki, suka nufi inuwa inda tuwo yake.

Arzika ya bi Bubayero da sauri, ya kama hannunsa, ya yi ƙasa da murya. "Sarki, don girman Allah, mi ke nan? Baba shina zaune hwa."

"Abin da ka kawo mamu gonakinmu shi munka kawo maka," in ji Bubayero. "Ko an rage maka wani abu? Ai ƙarfi munka ba gonar. Daga ciki yake hwarawa."

Ashe har wannan maganar ta fita gari. Arzika ya rasa inda zai sa fuskarsa. Makaɗin, wanda bai san abin da zai yi ba, ya ci gaba da kaɗa taken a hankali. Can sai muryar Kabo ta taso daga gindin marke.

"Dawuda, ina jin ganga, ina jin cin tuwo, ban ji hauya ba."

Kunya da tausayi suka rufe Arzika lokaci ɗaya, ya ji gara ƙasa ta tsage da a gaya wa tsohon abin da ya faru. Ya ruga ya ɗauki hauya ya duƙa, don dai mahaifinsa ya ji ƙarar ƙarfe a ƙasa. Ya sara, ya ja, ya sara, ya ja. Ƙafafun sun tsaya, a ba injin haƙƙinsa, amma injin bai taɓa jin labarin baya ba, bai san tafin hannu ba, bai san numfashi ba. Kafin ya yi nisa bayansa ya riƙe, tafin hannunsa ya tashi ya fashe, tumbi ya tokare shi ya hana shi duƙawa sosai. Gumin da ya yi ta ajiya tun yana yaro ya ɓalle gaba ɗaya, ya cika masa ido. Ya sare gero biyu a cikin ciyawa bai sani ba. Bai kai tsakiyar kunyar ba ya durƙusa, jikinsa na ɓari, wannan karon ba janareta.

Kabo ya shekara yana jin hauya fiye da yadda wasu suka shekara a duniya. Ya ji guda ɗaya ce, ya ji yadda take faɗuwa a karkace, ya ji lokacin da ta yi shiru. Ba sai an yi masa bayani ba. Ya ce wa makaɗi ya dakata. Ya miƙe, ya cire babbar rigarsa ya ninke, ya ce a ba shi hauya. Baffa Dawuda ya fara ba shi haƙuri, ya ce shi hauya ya nema. Aka sa masa a hannu. Tsohon ya laluba da ƙafa har ya sami kan kunya, ya duƙa, ya shafa ya rabe gero da ciyawa da yatsunsa, ya fara noma shi kaɗai.

Lomar da ke hannun Bubayero ba ta kai bakinsa ba. Babu ɗaya a cikin samarin nan da ubansa bai ci arzikin hauyar wannan tsohon ba, kuma duk sun sani. Suka watsar da tuwo suka rugo, wasu ko hannu ba su wanke ba. Bubayero ya durƙusa gaban Kabo ya ce, "Baba, ka yi mamu aikin gafara, ba da kai muke ba." Ya karɓi hauyar. Abdulrauf ya ɗauki kunyar farko ba tare da kowa ya ce ya ɗauka ba, ganga ta tashi da ƙarfi, ƙasa ta fara juyewa.

Ba wanda ya kori Arzika, ba kuma wanda ya matsa masa ya shiga layi. Suka wuce shi ta dama da hagu kamar kututture, wani ya ƙarasa kunyar da ya bari. Ya ja jiki ya koma inuwa ya zauna kusa da mahaifinsa, yana ɓoye hannuwansa a cinya. Kafin la'asar gona ta yi fes, gero ya fito fili yana kaɗawa.

Kabo ya yi wa mutane godiya, ya sa musu albarka gida gida da sunan iyayensu. Sannan ya juya inda yake jin numfashin ƙanensa ya ce, "Dawuda, noman maimai in ya zo, Abdulrauf shi kira gayya. Gonar ta dawo hannunshi." Ya faɗe ta a hankali, ba fushi, kamar mai cewa a rufe ƙofa.

Da aka tashi tafiya Arzika ya yi sauri ya miƙe, ya matso da kafaɗarsa ƙarƙashin hannun tsohon don ya mayar da shi gida. Kabo ya dafa, ya ji kafaɗar tana ta rawa har yanzu. Ya ɗan bar hannunsa a wurin, sannan ya ɗauke.

"Zauna ka huta," ya ce. "Ka sha aiki."

Ya miƙa hannu cikin iska ya kira Abdulrauf.